Burrow ko Lawrence, wa ya fi a jami'a?

TAMBAYA: Salam Malam, ni mai karanta shafinka ne daga Aboabo nan Kumasi. Akwai musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisarmu ta shayi. Wani yayanmu da ya yi zama a Amurka shi ya jawo mu kallon ƙwallon Amurka ta jami'o'i, to shi ya dage wai Trevor Lawrence ya fi Joe Burrow nesa ba kusa ba lokacin suna makaranta, ni kuma na ce ai Burrow ya lallasa shi a fainal kowa ya gani, sai ya ce wai ban san wasa ba sakamako kawai nake kallo. Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Yayan naku ba shirme yake ba, amma ni dai a ɓangarenka nake.

Ga masu karatu da ba su saba da wasan ba, su biyun kwatabak ne, wato wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi zai duba yadda abokan gaba suka tsaya ya yanke wa zai jefa wa cikin daƙiƙa biyu ko uku kafin ƙatti su danne shi. Kusan lamba 10 a tamaula, sai dai nauyin da ke kansa ya fi haka yawa.

Lawrence irin yaran nan ne da tun suna sakandare an gama yanke cewa za su yi suna. Dogo ne, ƙafa 6 da inci 6, ga ƙarfin hannu ga gudu. Shekararsa ta farko a jami'ar Clemson, yana ɗan shekara 19, ya ci kofin ƙasa, suka yi wa Alabama 44 da 16 a Janairun 2019, kuma Alabama ta koci Nick Saban a lokacin ba ƙungiyar da ake yi wa haka ba ce. Wasa 36 ya fara a Clemson, 2 kacal ya faɗi. In baiwa ta Allah ake magana, yayanku ya ci musu.

Burrow kuwa labarinsa daban ne kuma shi ya sa nake jin daɗinsa. Shekara uku ya yi a Ohio State yana ɗumama benci, da ya ga ba shi za a ba wa wurin ba sai ya tattara ya koma jami'ar LSU a 2018. A can ma shekarar farko ba wani abin a zo a gani, tachdawun 16 ya jefa (tachdawun shi ne a kai ƙwallo ƙarshen filin abokan gaba a ci maki, kamar cin gol a tamaula), ƙwallayen da suka isa hannun mutanensa ba su kai kashi 58 cikin ɗari ba. Sai 2019 ta zo, aka kawo wani matashin koci Joe Brady ya sauya musu tsarin jifa, aka baje masu kama ƙwallo a faɗin fili aka bar Burrow ya karanta ya zaɓa da kansa, wallahi sai ka ce ba mutumin bara ba. Tachdawun 60, yadi 5,671, kashi 76 na jifansa suna isa, sau 6 kawai abokan gaba suka cafke jifansa a wasa 15, kuma duk 15 ɗin sun ci. Ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon shekara, wadda Lawrence bai taɓa ɗauka ba, na biyu ya zo a 2020.

Fainal ɗin da kake magana an yi shi a New Orleans ranar 13 ga Janairun 2020, mu nan Gana sai wajen ƙarfe ɗayan dare aka fara. Abin da mutane ke mantawa shi ne Clemson ce ta fara yin gaba, har 17 da 7, masu tsaronta sun rikita Burrow da farko suna ta aiko masa mutane ta inda bai zata ba. Bai ruɗe ba, ya gano su, daga nan ya fara yanka su, aka tashi 42 da 25, ya jefa tachdawun 5 ya kuma ruga da ɗaya da ƙafarsa. Lawrence ya jefa 37, 18 ne suka isa, da yawa suna wucewa ta saman kan mutanensa, kuma ranar ce ya fara faɗuwa wasa tunda ya shiga jami'a. Wannan gano mutane a tsakiyar wasa, da tsayawa daram ka saki ƙwallo daidai hannun mutum alhali ka san duka na tafe, shi ne ainihin aikin kwatabak, kuma a nan Burrow ya fi shi. Ga shi LSU a rukunin SEC take inda kusan kowane mako da ƙato za ka haɗu, har gida suka bi Alabama suka ci ta 46 da 41, rukunin Clemson bai kai nan zafi ba.

Na san abin da yayanku zai ce, wai ai Burrow yana da gwanayen kama ƙwallo Ja'Marr Chase da Justin Jefferson, ko kai aka ba wa su sai ka yi suna. To su biyun suna nan a 2018 ma, kuma shi Lawrence ɗin ba da guragu yake wasa ba, yana da Tee Higgins da Travis Etienne. Hujjar da ta fi ƙarfi wadda ban ji ka ce ya kawo ba ita ce shekaru, daren fainal Burrow 23 yake Lawrence 20, kuma shekara uku a wannan wasan ba kaɗan ba ce. In ya kawo wannan kar ka yi gardama, ka ce haka ne, sannan ka sa su nemo wasan LSU da Oklahoma na Disambar 2019 ku kalla tare, kafin a tafi hutun rabin lokaci Burrow ya riga ya jefa tachdawun 7.