Amsa ga 'yar ƙanena a kan labaran aljanu da soyayya

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya same mu lafiya, nan Ringim kowa lafiya lau, an gama yankan gero ana jiran wake ya bushe. Kin ce mahaifiyarki ta same ki kina karanta wani labari a waya, na yarinyar da ɗan sarkin aljanu ya ƙyalla ido a kanta, ga matsafa, ga jini, ga kogon dutse. Ta ce wannan ba tarbiyyar gidanmu ba ce, kuma mai yawan ambaton mutanen ɓoye kiransu yake yi. Kina so ki ji ko da gaske al'ada ta hana, in kuma ba ta hana ba, wane littafi zan ce ki nema.

Al'ada ba ta hana ba. Amma kada ki ɗauki wannan ki je ki tsaya gaban mahaifiyarki da shi, domin tsoron da take ji yana da tushe, zan zo kansa.

Mu da muka tashi babu lantarki, da labarin tsoro da na aure aka yi mana reno. Bayan sallar isha'i, an ci tuwo an wanke kwanuka, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kakarmu ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku", mu amsa "Ta zo mu ji ta". Wadda muka fi roƙo a maimaita mana ita ce ta yarinyar nan kyakkyawa da ta rantse ba za ta auri mai tabo a jiki ba. Duk saurayin da ya zo zance, ƙanwarta sai ta rikiɗe ta zama ƙuda, ta zagaye jikinsa, ta dawo ta ce akwai tabo, a sallame shi. Ran nan sai ga wani baƙo, fata sumul, ko ƙwarzane babu. Iyaye suka ce ba mu san asalinsa ba, ta ce shi ko rijiya. Aka ɗaura, suka kama hanya. Suna nisa da gari sai ango ya fara mayar da kayan aro: wannan bishiya a ba ta rigarta, waccan a ba ta nata, har siffarsa ta gaskiya ta fito, ashe ba mutum ba ne. A wani gidan maciji ake cewa, a gidanmu dodo ne. Idan kaka ta kai wurin nan takan rage murya, mu kuwa kowa ya cusa ƙafa cikin zanen ɗan'uwansa, mai jin fitsari ya riƙe abinsa har a gama.

To ki duba, abin da kike karantawa a waya ba baƙo ba ne a wurinmu. Akwai so, akwai duhu, akwai miji wanda ba ɗan Adam ba. Bambancin yana wajen yadda ake ba da shi. Tatsuniya ba a yin ta da rana, har ana tsorata mu cewa wanda ya yi zai ɓata a kasuwa, ma'ana dai rana ta aiki ce. Ba a kuma jin ta kai kaɗai. Babba ce ke bayarwa, tana kallon fuskokinku, ta san inda za ta sassauta in ƙaramin cikinku ya fara rawar baki. Sannan in ta gama sai ta rufe da "Ƙurunƙus kan kusu", ta ƙara da cewa ba don gizo ba da ta yi ƙarya, kowa ya san an fito daga duniyar ƙarya an dawo gida. Ke kuwa kina kwance ke kaɗai cikin bargo, ƙarfe biyu na dare, babi na ƙarewa wani na buɗewa, babu mai ce miki ya isa. Wannan shi ne abin da al'ada ba ta sani ba.

Yanzu maganar mahaifiyarki. Mu Musulmi ne, aljanu a wurinmu halittar Allah ne, akwai sura sukutum da sunansu a Alƙur'ani, sura ta 72. Shi ya sa ba ma zubar da ruwan zafi sai da bisimilla, muke tattara yara cikin gida in magariba ta kawo jiki, ba ma barin budurwa ta zauna gindin tsamiya da tsakar rana ko ta yi waƙa a banɗaki. Bature zai iya rubuta labarin aljani yana ganin wasa ne kawai. Mahaifiyarki kuwa ta ga 'yan mata da aka ce namijin dare ya shige su, duk manemin da ya fito sai su ji sun tsane shi, gida ya shiga yawon ruƙiyya da neman magani, shekaru suna tafiya. Ni ma na zauna kusa da irin wannan uwar, na ga yadda ta rame saboda 'yarta. Ko mene ne asalin ciwon, wahalar gaskiya ce. In mace irin wannan ta ga 'yarta tana murmushi a kan labarin da aka mai da aljani saurayin da ya fi kowane namiji, dole gabanta ya faɗi. Karatun labari ba ya kiran aljani, ban taɓa jin malamin kirki ya faɗi haka ba. Abin da yake iya yi shi ne ya sa yarinya ta raina duk wani saurayi mai gumi da tabon fartanya a hannu, kuma wannan ɓarna ce babba.

Saboda haka ni ga abin da nake dubawa a littafi irin wannan. Wanda ya je wurin boka don ya mallaki zuciyar wani, ya labarin ya ƙare da shi? In ya sha romonsa ya zauna lafiya, ajiye littafin, marubucin yana tallar shirka ne ko ya sani ko bai sani ba. In kuwa an nuna abin da tsafi ke ci, to duhun da ke ciki ba zai cuce ki ba.

Fara da Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga a Zariya bayan gasar rubutu ta 1933. Siriri ne, za ki gama shi a yini guda, amma zai daɗe a ranki. Abubakar yana son Zainabu, ita ma tana sonsa, sai attajiri Malam Shehu ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar bai haƙura ba, ya bar gari ya shiga dazuzzuka neman asirin ramuwa. Abin da ya sa nake son littafin nan, asirin bai tsaya kan wanda ya yi laifi ba, kan ɗan da Zainabu ta haifa wa Malam Shehu ya sauka, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya tashi ɓarawo, har ta kai ajalin mahaifinsa ya zo ta hannunsa. Lokacin da nake koyarwa, na sha ganin aji ya rabu biyu a kansa, wasu na tausayin Abubakar, wasu na cewa ya wuce gona da iri, kuma duka suna da hujja.

Sai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980. Wannan ya fi kusa da abin da kike nema: Boɗaɗo 'yar Fulani ta tsaya kai da fata a kan Yasir wanda ba danginta ba, sannan ga aljana ta shigo tsakaninsu tana son mijin. Mace ce ta rubuta, tun kafin littattafan soyayya su cika kasuwannin Kano, kuma za ki ji ta san yadda zuciyar budurwa take.

Idan kina son aljanu da fadodinsu sosai, Dare Dubu Da Ɗaya na nan da Hausa. Akwai labarin Ƙamaruzzaman da Budur, waɗanda aljanu biyu suka haɗa su cikin barci don gardamar wanda ya fi kyau, suka farka kowa na haukan neman ɗan'uwansa. Sai dai na faɗa miki gaskiya, akwai wurare a cikinsa da bakinsu ya yi sakaka, ba na ajiyewa inda ƙannenki za su ɗauka ba ne. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam shi ma akwai aljanu, amma raha ta fi yawa, soyayya kaɗan ce.

Na zamani da ake turawa ta WhatsApp, wasunsu yaran sun iya zaren labari ƙwarai, ba na raina su. Amma littafin da aka buga a Kano yana da hukumar tacewa a kansa, na waya kuwa ke ce mai tacewa. In kika ga an fara kwatanta abin da ba za ki iya karantawa da ƙarfi a gaban yayarki ba, kin san amsa.

Ki daina karatun bayan kin yi addu'ar barci. Ki karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ki kife wayar. Sannan ki samu mahaifiyarki ranar da take cikin nishaɗi, tana tsinkar zogale ko tana kitso, ki ce ta ba ki tatsuniyar mai ƙin miji mai tabo. Ta iya ta sarai, a gabana ta sha ba ku ita kuna ƙanana. In ta gama, ke kuma ki karanta mata Jiki Magayi. Nawa yana cikin akwatin ƙarfe, bangon ya yage amma shafukan sun cika, zan ba direban da ke zuwa Kano ranar kasuwa ya kawo miki. Ki gaishe mini da babanki, ki ce masa ina nan ina jiran maganin ƙafar da ya yi alkawari.