Haɗa gajeren sifirin da na kamfani a mota ɗaya

Ka ce kana son sa gajerun sifirin (naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a wajen taya) a gaba don motar ta ɗan durƙusa, ka bar na kamfani a baya. Zai ɗauru, malam, amma ni ban ba ka shawara ba.

Gajeren sifirin ba tsayi kaɗai yake ragewa ba, yawanci ya fi na kamfani tauri. Idan gaba ya fi baya tauri, a kwana motar za ta riƙa ƙin bin sitiyari, tana neman miƙewa. Idan kuma baya ka taurara, gindinta ne zai riƙa zamewa, wanda ya fi haɗari, musamman a jiƙaƙƙiyar kwalta. Ga hasken fitila da zai koma dukan ƙasa, ga saitin taya da zai gurɓace, tayoyin su cinye ta ciki. Shokozoba ma, wadda aka ƙera don dogon sifirin, ba ta daɗewa.

Haɗa iri biyu hagu da dama kuwa, kada ma ka fara.

Sayi gajerun sifirin guda huɗu, saiti ɗaya daga kamfani ɗaya, ko irin wanda ake daidaita tsayinsa, sannan a yi maka saitin taya bayan an ɗaura.