Amsa ga 'yar uwar da aka samu gudan jini a ƙafarta

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Kin ce ke SS ce, ƙafarki ta hagu ta kumbura, hoto ya nuna gudan jini a jijiya, aka ɗora ki a kan wafarin, maganin tsinka jini, sannan gwaji ya nuna garkuwar jikinki na yaƙar fosfolifid, wani maiƙo da ke cikin fatar ƙwayoyin jiki. Tambayarki ita ce ko wata cutar ce ta ƙaru a kan sikilar, kuma ko za ki iya ɗaukar ciki.

Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu sikila, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ƙa'idar da likitoci ke bi tun 2006 ita ce sai an sake gwajin bayan aƙalla mako 12, ya kuma nuna haka, kafin a ce mutum na da lalurar daskarewar jini da ake kira antiphospholipid syndrome, wadda Dokta Graham Hughes ya bayyana a Landan a 1983. Zazzaɓi mai zafi kaɗai na iya tayar da sojojin garkuwar jikin da gwajin ya gano na ɗan lokaci, su kwanta da kansu. Na sha ganin wadda ta shigo da takarda tana kuka, bayan wata uku takardar ta fito fes. Shi kansa wafarin yana rikita ɗaya daga cikin gwaje-gwaje ukun da ake yi don gano sojojin, don haka ki tabbatar masu awon sun san kina shan sa.

Dalilin da ya sa ake ganin abin a masu sikila kuwa, ƙwayar jinin da ta sha lanƙwashewa fatarta na juyewa kamar rigar da aka sa baibai. Maiƙon da ya kamata ya zauna ciki sai ya fito waje, jini ya samu wurin kamawa ya daskare, garkuwar jiki kuma ta ɗauke shi baƙo ta far masa. Ko babu sojojin nan ma, jinin mai sikila na da saurin daskarewa. Bincike a Amurka ya nuna fiye da ɗaya cikin goma na samun irin gudan nan kafin shekara 40.

Abin da ya fi damuna shi ne diklofenak da ibuprofen. Na san da ciwo ya tashi cikin dare hannu can yake zuwa, amma haɗa su da wafarin na jawo zubar jini a ciki. Don Allah ki koma wurin likitanki ya sauya miki maganin ciwo tun kafin ciwon ya zo. Awon INR ma, wato awon saurin daskarewar jini, kada ki tsallake, ana son ya zauna tsakanin 2 da 3. Kumburin ƙafa ɗaya mai ɗumi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya da ciwon ƙirji, kada ki ce sikila ce kawai ki kwanta, asibiti za ki nufa a take.

Batun ciki, ana ɗauka kuma ana sauka lafiya da yardar Allah, amma wafarin na cutar da ɗan tayi. Allurar hefarin irin su Clexane ake komawa, wani lokacin da ƙaramin asfirin. Ki zauna da likitan jini da na mata, ke da maigida, kafin cikin ya shiga. Kafin nan, in za ki yi tazara, ki guji ƙwayar da ke ɗauke da sinadarin istrojin, domin tana ƙara daskarar da jini.