Shin "Limited" zai hana masu bin bashi taɓa gidana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, nan Gombe. Shekara 11 ke nan ni da ƙanena muna sayen masara da wake muna lodi zuwa Kudu, kuma muna da rajistar sunan kasuwanci. Yanzu wani kamfanin abincin kaji ya ce ba zai ba mu kwangilar kawo masara ba sai mun kawo lambar RC, wato lambar rajistar kamfani. Abokina kuma ya ce in na buɗe Limited, ko bashi ya karya ni ba mai taɓa gidana na Jekadafari. Da gaske ne? Kuma sai na ajiye naira miliyan ɗaya a banki kafin a yi mini? Daga mai hatsi, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya faɗa maka, ya bar sauran rabin a aljihu.

Takardar da ke hannunku yanzu, mai lambar BN, suna kawai ta yi wa rajista. A idon doka kai da shagon abu guda ne. In tirelar wake ta kwana huɗu a hanyar Legas ruwa ya shige ta, mai kuɗi ya kai ƙara, ba shago kotu za ta kira ba, kai za ta kira, kuma gidan Jekadafari na cikin lissafi. Har bashin da ƙanenka ya ɗauko da sunan kasuwancin yana iya hawa kanka, ko da kana Saudiyya ranar da ya ɗauka.

Kamfani kuwa, wato Limited ɗin, doka na ɗaukarsa tamkar wani mutum ne daban. Yana mallakar rumbu da mota da sunansa, ya ci bashi da sunansa, a kai shi ƙara da sunansa. Asalin wannan ƙa'ida wata shari'a ce da aka yanke a Ingila a 1896, kan wani mai sana'ar takalma a Landan, Aron Salomon. Ya mayar da sana'arsa kamfani, shi da matarsa da 'ya'yansa biyar, kasuwa ta karye, masu bin bashi suka ce ai kamfanin shi ne, shi ne kamfanin. Kotun ƙoli ta ƙasar ta ce a'a, su bi kamfani. A kan wannan turba dokarmu take har yau.

Ga rabin da aka ɓoye maka. Ranar da ka shiga banki neman rance da sunan sabon kamfani, manaja ya san wannan doka fiye da abokinka. Zai turo maka wata takarda ka sa hannu cewa kai da kanka ka tsaya wa kamfanin, ko ya ce kawo takardar gida jingina. Da ka sa hannu, katangar ta faɗi, kuma da hannunka ka ture ta. Haka nan a kasuwa. Manomin da ya sauke maka buhu 200 daga Kumo ya ce sai Laraba, fuskarka ya duba, bai san wata takardar Abuja ba. In ba a rubuta cewa kamfani ne ya karɓi kayan ba, kai ya ba wa bashi. Sannan duk wanda ya ci gaba da karɓar kayan mutane da niyyar damfara, kotu na da ikon tsallake kamfanin ta kama shi shi kansa. Batun haƙƙin mutane a gaban Allah kuma fagen malamai ne, ba nawa ba, amma ban taɓa jin malamin da ya ce lambar RC na goge shi ba.

Abin da ya fi kashe irin kamfanoninmu ma ba banki ba ne, aljihu ɗaya ne. Kuɗin masara ya shigo asusun kamfani da safe, da azahar an cire na cefane, da la'asar na makarantar yara, da magariba gudummawar biki. In za ka buɗe, ka yanka wa kanka albashi, ka yanka wa ƙanenka, riba kuma a raba bayan lissafi. In ba za ka iya wannan ba, takarda kawai ka saya ka rataye a bango.

Miliyan ɗaya kuwa, ba wanda zai ce ka ajiye. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan shekarar, ta ce mafi ƙarancin hannun jarin kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne. Ba kuɗi ne da ake kai wa CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba, ƙimar hannayen jarin ne da za ku raba tsakaninku, ku yi alkawarin biyan kamfanin. Abin da ba ku biya ba daga ciki shi ne za a iya nema a wurinku in kamfani ya rushe. Don haka kada wani ya zuga ka ka rubuta miliyan 50 don burga: kuɗin rajista zai ƙaru, alhakin da ke wuyanka ma ya ƙaru.

Aikin kansa duk ta intanet ake yi. Za a nemi lambar NIN ta kowannenku, adireshi, lambar waya, imel, sa hannu, da sunan da kuke so. In an amince da sunan, ana riƙe muku shi kwana 60. A ƙarshe satifiket ya fito da lambar RC. Kana iya yi da kanka, ko ka ba wakilin da hukumar ta amince da shi.

A nan zan tsaya, don na ƙone. Ɗan yayata ya buɗe kamfanin ruwan leda, ni na kai shi wurin wani yaro mai shagon kwamfuta. Yaro ya yi aiki cikin sati, muka yi ta sa masa albarka. Bayan shekara biyu muka tashi sabunta bayanai, sai muka tarar yaron imel ɗinsa da lambar wayarsa ya sa a maimakon namu, shi kuma ya tashi daga shagon. Wata uku muna cigiya kafin muka same shi a wani gari yana sayar da waya. Ka zauna kusa da mai cike maka, ka ga da idonka lambar wa ya rubuta.

Da ni ne kai, Alhaji, ba don kwangilar kaji zan buɗe ba, don ƙanen nan naka ne. Yau kuna ci a kwano ɗaya. Amma ina 'ya'yanku? Na ga shago a kasuwar nan da aka rufe kafin sadakar arba'in, saboda ba wanda ya san nawa ne na mamaci, nawa ne na ɗan'uwansa. Aka raba buhuna, aka sayar da sikeli, kwastomomi suka watse. A kamfani kuwa rubuce yake: kai kashi 60, shi 40, ko yadda kuka daidaita. In ta Allah ta kasance, hannun jarin mamaci masu rabon gado za su raba yadda shari'a ta tsara, ciniki kuma bai tsaya ba. Ku zauna ku yanke kason nan tun ana dariya.

Nauyin da ke biyo baya shi ne miƙa bayanin shekara-shekara ga CAC, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Jinkiri tara ce, kuma kamfanin da ya yi shekara 10 a jere bai miƙa ba hukumar na iya share shi daga rajista. Haka ma hukumar haraji ta tarayya: dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ɗaga adadin, amma yafewar ba ta ɗauke miƙa bayani ba. Ka lura, ciniki ake dubawa, ba riba ba, mai lodin tirela kuma ba ya daɗewa bai tsallake ba. Nemi akanta tun yanzu. Sauƙin da dokar 2020 ta kawo shi ne ƙaramin kamfani ba dole ya ɗauki sakatare ba, kuma mutum ɗaya ma na iya buɗewa shi kaɗai.

Ka buɗe.

TAMBAYA: Malam, ina haɗa turaren wuta da humra a gida a Bolari, ina sayarwa ta WhatsApp. Ni ma in buɗe Limited? Daga wata baiwar Allah.

AMSA: Hajiya, tukuna. Ba ki cin bashi, ba ki da abokin tarayya, ba wanda ya nemi RC a wurinki. Yi rajistar sunan kasuwanci, ta fi araha, kuma ta isa ki buɗe asusun banki da sunan turarenki. Ragowar kuɗin ki ƙara kwalabe.