Itace, ruwa da kuran suna cinye mini kuɗin cefane: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwargida ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Gidanmu gidan yawa ne, kuma ina ɗan sayar da ƙanƙara da zoɓo. Kowane wata takardar ruwa da ta kuran, wato wutar lantarki, sai ƙaruwa suke yi, itace kuma ya yi tsada. Kullum a rediyo ana cewa mu yi tattali, mu kare muhalli. Na hana yara barin fitila a kunne, amma ban ga wani sauyi ba. Mene ne mai ƙaramin ƙarfi kamata zai iya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Kashe fitila abu ne mai kyau, kada ki daina, sai dai ba nan asarar ta fi yawa ba. A irin gidajenmu, madafa ce ke kan gaba, sai ruwan da ke zuba ba a gani, sannan firjin da kike sana'a da shi.

Mu fara da murhu. Murhun duwatsu uku a tsakar gida, iska na kaɗawa ta kowane gefe, abin da ke isa ga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ba. Sauran duk iska ce ke kwashewa. Wannan itacen kuma daga daji aka saro shi, irin su dajin Baban Rafi da ke kudu da mu, amalanke da motoci suna ta jigilarsa zuwa gari. Saboda haka duk itacen da kika rage, aljihunki ya huta, daji ma ya huta.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi da maƙera ke yi, ko na laka da ake ginawa ya rungume tukunya, aikinsu ɗaya ne: su tare iska, su tilasta wa harshen wuta ya bi jikin tukunyar. Sharaɗin shi ne murhun ya yi daidai da tukunyar, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce kaurin yatsa. Wannan ne mata da yawa ba a gaya musu ba, sai a ɗora ƙaramar tukunya a babban murhu, a ce ai ba shi da amfani. Itacen ya zama busasshe, a faskara shi ƙanana, a sa biyu ko uku kawai. Tukunya ta kasance a rufe. Da ruwa ya tafasa ki janye itace ɗaya, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai yawan wutar da aka zuga masa, tururi kawai yake zama. Wake kuwa a jiƙa shi tun dare.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai a ce ta shiga kowane gida. Ki samu kwando ko kwali mai zurfi, ki shimfiɗe cikinsa da tsofaffin zannuwa ko bargo. Shinkafa ta tafasa kamar minti biyar, ki sauke ta a rufe, ki cusa cikin kwandon, ki lulluɓe sama da gefe sosai. Kafin awa ɗaya ta nuna da zafin da ke jikinta, ba ƙonewa, ba ƙanzo. Wake sai ya yi kamar minti ashirin yana tafasa tukuna, sannan ya yi awa biyu zuwa uku a kwandon. Abin kiyayewa kawai, kada abinci ya wuni a ciki har ya huce. In ya huce a sake tafasa shi kafin a ci.

Kada ki ɗauka komawa gawayi ceton daji ne. Yadda ake toya shi a gargajiyance, sai an ƙone itace kilo biyar ko fiye kafin a samu gawayi kilo ɗaya. In da hali, ƙaramar tukunyar gas ta kilo 6 ta fi, ko da don ɗumame da ruwan zafin safe ne, tuwon taro kuma ya tsaya a murhu. Ga kuma maganar hayaƙi, wadda ta fi kuɗi damuna: yaron da ke goye a bayanki kina hura wuta, shi ma shaƙa yake yi, kuma hayaƙin girki na cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ƙananan yara ciwon huhu.

Sai ruwa. Yau da dare, bayan kowa ya gama, ki rufe duk famfunan gidan, ki haska kontar ruwa ki rubuta lambobin da ke kai, har da jajayen. Da asuba, kafin kowa ya taɓa famfo, ki sake dubawa. In lambar ta motsa, to akwai inda ruwa ke zuba: bututu a ƙarƙashin ƙasa, ko tankin ban-ɗaki da ke tsiyaya shiru. Ki duba inda ƙasa ba ta bushewa ko gindin bango da ke yin danshi. Duk abin da ya zuba bayan kontar, ke za ki biya. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana iya zubar da kusan bido (jarka) ɗaya a yini da dare, alhali ɗan robar da ke cikinsa ne ya cinye, kuma mai gyaran famfo zai sauya shi nan take.

Sannan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garin nan, musamman daga Maris zuwa Mayu da ruwa ke wahala: a buɗe famfo a ga babu, a sa bokiti a tafi a kwanta. Ruwa ya dawo cikin dare, bokiti ya cika ya tumbatsa, da safe a tarar da tsakar gida ta zama tafki har lungu. Dare ɗaya irin wannan ya isa ya ɓata tattalin wata guda. Mu tuna ruwan famfon Maraɗi daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi da injin, Gulbi kuma da damina kawai yake gudu, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a kansa a Jihar Katsina ba ya malala fadama kamar da.

Alwala a yi ta da buta, ba a bakin famfo yana zuba ba. Ya tabbata Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, wanda bai kai lita ɗaya ba. Ruwan alwala, na wanke shinkafa da na ɗauraya ta ƙarshe, a tara a ba zogale ko bedi. Wanda ke da omo mai yawa ko jabel kada a zuba wa ganyen da za a ci. Da damina kuma ki dubi rufin kwanonki. Maraɗi na samun ruwan sama wajen milimita 500 a shekara, to rufin da ya kai murabba'in mita 50 yana zubar da kusan lita 25,000, wato tano 125 mai cin lita 200. Ko kaɗan daga ciki kika tare da indararo, wankin damina ya fita daga takardarki. A bar ruwan farko ya wanke rufin, kuma tano ya zauna a rufe saboda sauro.

Kuran kuwa, ki fara da firji tunda shi ne ke aiki dare da rana. Ki rufe ƙofarsa a kan takarda, ki ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar bakin ta saki, sanyi na fita, injin na ta aiki ba hutu. Ki janye shi daga bango kamar tafin hannu, ki kawar da shi daga rana da kusa da murhu, ki share ƙurar bayansa. Zoɓo ya huce sarai kafin ya shiga. Ƙanƙarar da ta daskare a jikin bangonsa in ta yi kauri a narkar da ita. A ƙayyade wa yara lokacin buɗewa, kuma ya zauna cike, domin cikakke ya fi riƙe sanyi in an ɗauke wuta. Mun ga amfanin haka a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu.

Fitila lissafinta gajere ne. Tsohon ƙwai mai wat 60 da ke kwana a kunne awa goma yana shan kilowat-awa 18 a wata; na LED mai wat 9 haskensu ɗaya, amma bai kai kilowat-awa 3 ba. Ki fara sauya wanda ke kwana a ƙofar gida.

Batun muhalli kuma, mu ƴan jihar Maraɗi ba baƙi ba ne a ciki. Sassaben zamani a nan ya samo tushe wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, da manoman karkara suka fara barin tohon kututture a gona, suna zaɓar reshe biyu ko uku masu ƙarfi suna sassabe sauran. An ƙiyasta wannan ya dawo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a ƙasar nan. In maigida na da gona, ki ƙarfafa masa gwiwa ya bar gawo da kalgo su tashi. Rassan da ake ragewa duk shekara su ne itacen girkinki. A cikin gida, itace ɗaya ta yamma da ɗaki yana tare ranar la'asar, fanka ta samu sauƙi. Wanda aka dasa ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa ta ƙasa, sai an kewaye shi saboda awaki, an kuma ba shi ruwa har ya tsallake rani biyu.

Leda kuma kada a hura wuta da ita, hayaƙinta guba ne, kuma kada a ɗaure tuwo mai zafi a ciki. Ga masu sayen zoɓonki na kullum, ki gwada gorar da za su dawo miki da ita ki wanke, ki ɗan rage musu farashi.