Wane littafin tushen kalmomi zan saya wa yarana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Amurka, kuma a gida nake koyar da yarana biyu, namiji mai shekara 13 da mace mai shekara 9. Iyayen da muke haɗuwa da su sun matsa mini in sayi littafin tushen kalmomin Latin da Girkanci, wai yana buɗe wa yaro Turanci. Sun ambaci English from the Roots Up da Vocabulary from Classical Roots. Maigida kuma ya ce gara a koya musu Latin ɗin gaba ɗaya. Ga shi bana kuɗin littattafai ya yi mana yawa. Wanne zan ɗauka?
Maman yara biyu

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙawayenki ba su yi ƙarya ba. Fiye da rabin kalmomin Turanci daga Latin da Girkanci suka fito, wasu kai tsaye, wasu ta hannun Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. A likitanci da kimiyya da shari'a kuwa abin ya fi haka. Ke Bahaushiya ce, dabarar ba baƙuwarki ba ce: wanda ya san karanta, ya kuma san aikin ɗafa-goshin "ma", ba sai an fassara masa makaranta ko makaranci ba. Haka yaron da ya san port na nufin ɗauka zai gane import da export da transport da portable a zama ɗaya.

Sai dai littattafan nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma a nan iyaye da yawa ke asarar kuɗinsu.

English from the Roots Up, na Joegil Lundquist, tushe 100 ne a juzu'in farko. Kowane shafi tushe ɗaya, da ma'anarsa, da 'yan kalmomin da suka fito daga gare shi. Ana yin kati ga kowane tushe, na Latin da jan layi a gefensa, na Girkanci da kore. Ba littafin da za ki miƙa wa yaro ki shiga kicin ba ne. Sai kin zauna, kin ɗaga kati, ya faɗa, kin tambaya, ya lalubo. In kin san ba ki da wannan minti goma zuwa sha biyar ɗin a rana, kada ki saya, zai kwanta a kanta yana shan ƙura. In kina da shi, ya dace da 'yar autarki sosai, kuma tun da ba a rubutu a cikinsa, kwafi ɗaya ya ishi gida, ko na hannu ne. Katunan ma da ake sayarwa daban, ki bar su. Ki sayo farin kati da jan biro da kore, yarinyar ta rubuta da hannunta. Rabin haddar a wurin rubutun take shiga.

Vocabulary from Classical Roots kuwa littafin aiki ne da yaro ke cikewa. Akwai littafi na 4 da 5 da 6 na ƙananan azuzuwa, sai A zuwa E, waɗanda Norma Fifer da Nancy Flowers suka rubuta, na aji 7 zuwa 11. Babban naki zai iya fara A ya yi shi kaɗai, ke kina duba masa. Abu biyu za ki kiyaye. Littafin amsoshi daban ake sayar da shi, ki sa shi a lissafi tun yanzu. Sannan in na hannu za ki saya, ki tambayi mai sayarwa ko an cike shi, don littafin da wani yaro ya riga ya amsa ba shi da sauran amfani. Littafin gwaji kuwa ba dole ba ne, ke ma za ki iya tambayarsa da baki ranar Juma'a.

In aljihu bai kai biyu ba, ki ɗauki na katin, su yi tare, yayan ya riƙa yi wa ƙanwarsa tambaya. Littafin A sai baɗi.

Ki gargaɗe su tun wuri cewa tushe hasashe yake bayarwa, ba hukunci ba. "In" a invisible na nufin korewa, amma inflammable ba marar kama wuta ba ne, abu ne mai saurin kama wuta, kamar fetur. Ƙamus ya zauna a kusa. Kuma tushen da yaro bai gamu da shi cikin karatu ba, mako biyu ya manta, don haka kada littafin nan ya cinye lokacin karanta labarai.

Batun maigida kuma, ki gaishe shi, ki ce masa Latin harshe ne cikakke mai nahawu mai nauyi, sunaye ma suna sauya ƙarshe gwargwadon matsayinsu a jimla, kamar i'irabin Larabci. Aikin shekaru ne, yana son malami. In Turancin yara ake so ya ƙaru, tushe ya wadatar. In babban ya gama A yana neman ƙari da kansa, to a lokacin a zauna a yi maganar Latin.