Magani ya ƙi ni sau biyu: akwai sauran abin yi a kan ciwon hanta nau'in C?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 52. An daɗe da gano ina da ciwon hanta nau'in C. An yi mini allurar interferon tare da ƙwayoyin ribavirin kusan shekara guda, na sha baƙar wahala, cutar ba ta tafi ba. Daga baya na sha sofosbuvir da daclatasvir na wata uku, gwaji ya nuna babu ita, amma bayan 'yan watanni ta dawo. Yanzu an ce in sake shan wani maganin. Gaskiya na karaya. Ko jikina ne ba ya karɓar magani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya. Ba jikinka ne ya ƙi magani ba, kuma ina so ka karɓi shawarar sake shan, domin akwai maganin da aka haɗa musamman saboda masu irin halin da kake ciki.

Batun interferon, ka cire shi daga lissafi. Wannan allura garkuwar jiki take zaburarwa, ba ta kai wa ƙwayar cutar hari kai tsaye. Ƙwayar cutar C jinsi-jinsi ce, kowanne da lambarsa. A masu jinsi na 1 na cutar, kusan rabi ne kawai suke warkewa da ita, bayan zazzaɓi da kasala da ƙarancin jini na mako 48. Rashin nasararta ba ya sa cutar ta bijire wa magungunan yanzu.

Karo na biyu shi ne abin dubawa. Magungunan da suka fara fitowa daga 2013, lokacin da Amurka ta amince da sofosbuvir, kowanne yana toshe wani sinadari da ƙwayar cutar ke buƙata kafin ta hayayyafa. Sofosbuvir yana kama NS5B, daclatasvir yana kama NS5A. Sofosbuvir da wuya cutar ta iya bijire masa, shi ya sa ake sake amfani da shi. Ɓangaren NS5A kuwa cutar kan sauya kama ta kuɓuce, kuma wannan sauyi yakan zauna a jiki shekaru. Saboda haka ba na son a maimaita maka haɗin da ka sha, ko a ba ka wani mai kama da shi kawai.

A 2017 aka amince da ƙwaya guda mai ɗauke da magani uku: sofosbuvir da velpatasvir da voxilaprevir, wadda ake sayarwa da sunan Vosevi. Na ukun yana toshe wata ƙofa dabam, wato NS3, wadda maganinka na baya bai taɓa ba. Ƙwaya ɗaya ce a rana, tare da abinci, tsawon mako 12. A binciken POLARIS-1, wanda aka yi a kan mutanen da maganin NS5A ya ƙi su kamar kai, kashi 96 cikin 100 sun warke. Idan jinsi na 3 gare ka kuma hanta ta riga ta yi tabo ta taurare, likita na iya ƙara ribavirin.

Amma kafin ka haɗiyi ƙwaya ko ɗaya, dole a san halin da hantarka take ciki. A nan ne nake tsananta wa marasa lafiyata. Idan hanta ta kai matakin gazawa, wato ruwa ya taɓa taruwa a ciki, ko idanu sun yi rawaya, ko an yi aman jini, ko mutum ya riƙa ruɗewa, to voxilaprevir da danginsa haɗari ne, suna iya ƙarasa hantar. Irin wannan mutum sofosbuvir da velpatasvir ake ba shi tare da ribavirin na mako 24, a hannun ƙwararren likitan hanta. A kuma gwada ka nau'in B, domin idan tana kwance a jiki tana iya tasowa da ƙarfi yayin da ake kashe C.

Akwai tambayar da nake so kai da likitanka ku zauna ku amsa tsakani da Allah: me ya sa wancan karon bai yi ba? Ka tsallake kwanaki? Maganin daga amintaccen wuri ya fito? Me kake sha tare da shi? Sau da yawa amsar tana cikin ledar magungunan da mara lafiya ya zo da ita. Rifampicin na tarin fuka, da carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya, suna rage ƙarfin waɗannan ƙwayoyi a jini har su kasa aiki. Omeprazole da sauran magungunan ƙwannafi suna hana velpatasvir narkewa yadda ya kamata, alhali mutane da yawa ba sa ma ɗaukar su a matsayin maganin da za a faɗa wa likita. Amiodarone na zuciya kuwa, in ya haɗu da sofosbuvir, yana iya rage bugun zuciya har ya kai ga haɗari. Ka kwaso duk abin da kake sha, har na gargajiya, ka zube a gaban likita. Giya kuma babu ita sam.

Mai yiwuwa ne kuma ba tsohuwar ce ta dawo ba, sabuwa ce ka kamu da ita ta hanyar jini, domin warkewa daga C ba ta ba da kariya, kuma har yanzu ba ta da rigakafi. Gwajin jinsin cutar kan taimaka wajen bambancewa.

Idan an haɗa maka da ribavirin, ka sani tana cutar da ɗan tayi. Kada maiɗakinka ta ɗauki ciki lokacin da kake sha, har zuwa wata shida bayan ka gama.

Ranar da ka sha ƙwaya ta ƙarshe ba ita ce ranar hukunci ba. Sai an cika mako 12 da gamawa a yi gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar cutar kanta a jini. In ba a ga ƙwayar cutar ba, ka warke. Kada gwajin gaggawa na tsinke ya tayar maka da hankali, shi alamar da garkuwar jiki ta bari yake gani, kuma yakan ci gaba da nunawa ko bayan warkewa. Idan kuma an tabbatar hantarka ta taurare, za ka ci gaba da yin hoton ciki duk wata shida ko bayan ka warke, saboda haɗarin sankarar hanta yana raguwa ne amma ba ya gushewa gaba ɗaya.